Yadda nake haɗa wa karena abin tauna mai goge haƙori da hannuna

Kafin mu je ga kayan haɗi, ɗan ɗaga leɓen karenka na sama ka leƙa can ciki, ba haƙoran gaba nake nufi ba, waɗannan manyan na gefe da kunci yake rufewa. In ka ga wani abu rawaya ko ruwan ƙasa ya kama gindin haƙorin daidai wajen dasashi, ka sa farce ka kankara ya ƙi fita, to ita ce tsatsar da ake magana, kuma ita ce take jawo warin nan da in kare ya yi hamma kusa da kai sai ka kau da kai. Mutane da yawa sun ɗauka ai haka bakin kare yake dole ya yi wari, wallahi ba haka ba ne, bakin kare mai lafiya yana da ɗan ƙarnin abinci dai amma ba ya ɗoyi.

Babban kare haƙora 42 gare shi, ɗan kwikwiyo kuma 28 na nono, daga wajen wata 4 suke fara zubewa zuwa wata 7 na dindindin sun gama fitowa, kuma waɗannan ɗin su ke nan har ƙarshen rayuwarsa. Duk sanda ya ci abinci akwai wani yauƙi mai danƙo da yake kwanciya a jikin haƙorin, haɗin yawu ne da ragowar abinci da ƙwayoyin cuta, cikin 'yan awoyi yake taruwa. Yana da laushi a farko, ko tsumma ka sa zai fita. Amma in aka bar shi ya kwana biyu zuwa uku sai sinadarin kalsiyam ɗin da ke cikin yawu ya fara sandarar da shi ya koma kaman siminti. Yawun kare kuma ya fi namu ƙarancin asid, shi ya sa ba su cika yin kogon haƙori irin namu ba amma tsatsa saurin kama su take. Likitocin dabbobi sun daɗe suna faɗa cewa mafi yawan karnuka kafin su wuce shekara 3 ciwon dasashi ya riga ya fara taɓa su, ƙananan karnuka irin su Chihuahua da Yorkshire ma sun fi shiga uku saboda bakin ƙarami ne haƙoran sun cunkushe, datti yana samun lungun ɓuya.

To aikin abin tauna shi ne ya goge wannan yauƙin tun yana da laushi. Iyakarsa ke nan. Tsatsar da ta riga ta sandare babu dankali ko biskit ɗin da zai ɓamɓare ta, wannan sai likita ya sa wa kare allurar barci ya kankare da na'ura har ƙarƙashin dasashi. Na fara da wannan ne don kar mutum ya yi wata guda yana gashi yana ba kare sannan ya ce abin ƙarya ne, alhali tun farko abin da yake bakin karen ya wuce aikin tauna.

Ni abin da ya sa na koma yi da kaina, karena Duna ne. Lokacin yana ɗan shekara 2 na ga haƙoransa sun fara canja kala, sai na bi abin da kowa yake cewa na samo masa ƙaton ƙashin ƙafar saniya, ya kwanta ya rungume shi da ƙafafun gaba yana ta gurgura ina jin daɗi wai haƙora na wankuwa. Bayan 'yan kwanaki sai na lura in ya ɗauki abinci yana karkata kai ya tura shi gefen hagu kawai, kuma in na shafa kuncinsa na dama sai ya janye a hankali, bai yi ƙara ba bai yi gurnani ba, janyewa kawai. Da aka duba a asibitin dabbobi, babban haƙorin sama na gefe, wannan da suke datsa nama da shi kaman almakashi, gefensa ya tsage ya ɓalle kaman an fasa faranti har jijiyar ta fito, sai cirewa aka yi. Garin neman gira aka rasa ido. Har yau in na tuna kwanakin da ya yi yana cin abinci da wannan ciwon bai nuna ba sai in ji babu daɗi, haka karnuka suke, suna ɓoye ciwon haƙori sosai.

A nan na koyi abin da duk wannan rubutun ya rataya a kai. Abin da yake goge haƙori ba mai tauri ba ne, mai danƙo ne, wanda haƙori zai nutse a ciki har wajen gindinsa, kare ya ja ya sake cizo ya sake ja, jikin abin yana shafar jikin haƙorin. In abu ya yi tauri da yawa ƙarshen haƙori kawai yake taɓawa, ko abin ya fashe ko haƙorin ya fashe, kuma farin ɓawon da ya lulluɓe haƙorin kare bai ma kai namu kauri ba duk da ƙarfin muƙamuƙinsa. In kuma ya yi garas-garas irin biskit, cizo ɗaya ya ruguje ya haɗiye, babu abin da aka goge. Tsakiya ake nema, kaman fatar takalmi ko bel. Gwajin da likitoci suke koyarwa mai sauƙi ne: danna farcen babban yatsanka a jiki, in ya bar shaida to ya yi, in farcen ya kasa shiga kar ka ba shi. Wasu kuma sukan ce in ba za ka yarda a ƙwala maka abin a gwiwa ba, to ya fi ƙarfin haƙorin kare. Da wannan gwajin ƙashi ya fita, ƙaho ya fita, kofato ya fita, dunƙulen ƙanƙara ma ya fita. Dafaffen ƙashi kuwa ya fi kowanne haɗari don tsagewa yake kaman allurai ya soki hanji.

Abubuwan da ba sa shiga ko kaɗan

Wannan dan Allah a karanta da kyau. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe ko gari, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare, don haka in za ka yi amfani da romo a kwaɓi ka tabbata ba a sa su a ciki ba, kuma babu dunƙulen ɗanɗano. Inabi da busasshensa suna iya kashe ƙodar kare, cakulet guba ne, haka gyaɗar ƙamshi, haka ƙwayar makadamiya. Gishiri da suga ba a buƙatarsu, shi kare ƙamshi ya fi bi.

Sai babban su, zailitol. Wani abin zaƙi ne da ake sawa a madadin suga a cingam da alewar da aka ce babu suga da wasu makilin na mutane, har da wasu gwangwanayen markaɗaɗɗiyar gyaɗa, wani lokacin ma a jikin kwalin sai a rubuta shi da sunan sugan bishiyar birch. Abin tausayin shi ne a bakin mutum yana da amfani ga haƙori, shi ya sa wani da kyakkyawar niyya zai ce bari ya sa wa karensa. A jikin kare kuwa insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, yake sa wa ya kwararo, sugan jini ya faɗi warwas cikin rabin awa zuwa awa ɗaya, kare ya fara amai da tangaɗi har farfaɗiya, in ya yi yawa hanta ta lalace. Kusan giram 0.1 a kowane kilo na nauyin kare ya isa ya fara ɓarna, wato kare mai kilo 10 giram 1 kacal. In har ka yi zargin ya lasa, ba jira, asibiti kai tsaye.

Na farko kuma wanda na fi yi: busasshen dankali

Dankalin Hausa nake nufi, mai zaƙin nan, ba na turawa ba. Shi kaɗai ne kayan haɗin, babu mai babu komai. Ka zaɓi manya dogaye masu lafiya, duk wanda ya yi baƙin tabo ko ya fara ruɓa a gefe ka ajiye shi, ka wanke sosai da buroshi. Ni ba na fere ɓawon don shi ne yake ƙara masa danƙo in ya bushe, amma in cikin karenka ba ya son abu mai ƙaiƙayi ka fere.

Yankan ne wajen da mutane suke kuskure. Kar ka yanka shi zagaye-zagaye kaman na suya, irin wannan in ya bushe ƙanƙancewa yake ya zama daidai maƙoshi, kare ya zuƙe shi gaba ɗaya. A tsaye za ka yanka, daga kai zuwa gindi, faifai-faifai masu tsawo, kaurin santimita 1 ga babban kare, wajen rabin haka ga ƙarami. Ɗanyen dankali yana da gardama a wuƙa, to ka fara sare gefe ɗaya ya zauna daram a kan katako kafin ka ci gaba, ko ka ɗan turara shi minti 3 zuwa 4 ya saki. Bayan nan sai in ɗauki bakin wuƙa in tsattsaga layi-layi marasa zurfi a fuska biyun, a gicciye, in ya bushe layukan buɗewa suke su zama kwari-kwari, su ne suke kama jikin haƙori, kuma yana sa shi saurin bushewa.

Ka shimfiɗa takardar gashi a tire ka jera su kar wani ya hau kan wani, obin a kan digiri 120 na Salshiyas. Ba gasawa muke ba, busarwa muke, shi ya sa wutar take ƙasa. Bayan awa ɗaya da rabi ka juya su, ka bar su wata awa ɗaya da rabin, jimla wajen awa 3, masu kauri suna iya neman ƙari. Ni nakan saƙala muciya a ƙofar obin ɗin ta ɗan buɗe kaɗan don tururi ya riƙa fita, in ba haka ba sai su dahu su yi laɓo-laɓo maimakon su bushe. Mai na'urar busar da abinci kuma ya sa wajen digiri 60 ya bar su awa 6 zuwa 8, nata ya fi fitowa daidai gaskiya.

Yanda za ka gane ya yi: ɗauko ɗaya ka bar shi ya huce tukun, don da zafi duk laushi gare su, sai ka lanƙwasa. In ya lanƙwasu ya yi ƙoƙarin dawowa bai karye ba, saman ya yamutse kaman tsohuwar fata, ka tsaga tsakiya ba ka ga jiƙa ba, shikenan ya yi. In ya karye ƙas to ya wuce, ba asara ba ce zai ci a matsayin lada amma ba zai goge komai ba. In tsakiyar tana da damshi ka mayar, don wannan damshin shi ne zai zama fumfuna nan da kwana uku. Gefunan da suka yi tsini ko suka ƙone ka datse da almakashi, suna iya yankar dasashi.

Na biyu: murɗaɗɗen sanda mai ganye

Wannan ya fi cin aiki amma shi ne mai taimakawa wajen warin baki, kuma kana iya yin girman da ya dace da bakin karenka. Abin da nake sawa: garin ot kofi 2, ot ɗin da ake damawa ne kawai nake zubawa a blanda ya zama gari, in babu garin shinkafa ma yana yi. Dafaffen kabewa da aka dama rabin kofi, karas da aka goga a gireta siriri rabin kofi, ƙwai 1, man kwakwa babban cokali 1, ganyen fasli yankakke ƙanana babban cokali 2, ganyen na'a-na'a babban cokali 1, sai garin jelatin mara kala mara zaƙi babban cokali 2.

Jelatin ɗin nan shi ne sirrin, kar ka tsallake shi. In babu shi biskit za ka samu mai rugujewa, in akwai shi sandar za ta yi danƙo ta riƙe haƙori. Amma ka duba kwalin da kyau, ba wanda ake yin kayan zaƙi da shi mai kala da ƙamshi ba, irin waɗancan akwai suga, wasu ma zailitol. Ka zuba shi a ruwan sanyi babban cokali 3 ya jiƙa minti 5 ya kumbura, sannan ka ƙara ruwan zafi kwatan kofi ka juya har ya narke tas babu gudaji.

Fasli kuma mai nannaɗaɗɗen ganyen nan ake so, kuma kaɗan, karyar da take da ciki ko kare mai ciwon ƙoda a cire musu shi gaba ɗaya. Na'a-na'a ta yau da kullum da ake sawa a shayi ita ce daidai, akwai wata 'yar uwarta da ake kira peniroyal mai lalata hanta, in ba ka tabbata da ganyen da ke hannunka ba ka bar shi. Man na'a-na'a na kwalba mai ƙarfin nan shi ma a'a, ganye kawai. Kuma in faɗi gaskiya ganyen ƙamshi yake bayarwa na ɗan lokaci, ba shi ne yake wanke haƙorin ba, taunar ce.

Ka haɗa kabewa da karas da ƙwai da mai da ruwan jelatin a roba, jelatin ɗin ya ɗan huce kar ya dafa ƙwan, sai ganye, sannan ka riƙa zuba gari kaɗan-kaɗan kana murzawa da hannu har ya zama tauri-tauri ba ya manne wa yatsa. In ya yi ruwa ƙara gari, in yana tsagewa ɗiga ruwa. Ka rufe ka sa a firij minti 30, yana fitowa za ka ji ya haɗe jikinsa yana juyuwa yanda kake so. Sai ka gutsuro ka murza a kan tebur ya zama igiya mai kaurin ƙaramin yatsa, ka ɗauki biyu ka murɗe su tare kaman tufka, ka matse bakin biyun. Murɗin ba ado ba ne, kwarin da yake tsakanin igiyoyin nan ne haƙori yake shiga. Tsawon kuma ya fi faɗin bakin karen sosai, yanda dole sai ya kwanta ya danne da ƙafa ya ci ta gefe da turamensa, ni na Duna nakan yi santimita 12 zuwa 15.

Gashi kashi biyu ne. Na farko digiri 160 na minti 25 don ƙwan ya dahu sandar ta tsaya. Na biyu ka sauke wuta zuwa 100 ka juya su ka bar su awa ɗaya da rabi zuwa 2 su bushe a hankali, sannan ka kashe ka bar su a ciki har obin ya huce. Kar ka manta gwajin farce bayan sun huce, don irin wannan kwaɓin in ya daɗe a wuta da yawa yana iya zama dutse, musamman in da garin shinkafa aka yi. In hakan ta faru kar ka ce ai na sha wahala bari in ba shi haka, ka jiƙa su a ruwan ɗumi su yi laushi ka haɗa masa a abinci, karo na gaba ka rage lokaci.

Akwai masu busar da siraran nama ko fatar kifi su murɗe, suna da kyau karnuka kuma suna haukar son su, sai dai nama ba dankali ba ne, ƙaramar wuta ba ta kashe ƙwayar cutar salmonela, dole zafin cikin naman ya kai digiri 74 in kaza ce, 71 in jan nama ne, kuma a cire kitse da ƙaya. Karas ɗanye babba da ya yi sanyi a firij ma yana ɗan taimakawa, kwikwiyon da haƙora suke masa ƙaiƙayi yana jin daɗinsa, amma saurin karyewa yake don haka gogewarsa kaɗan ce.

Nawa za a ba shi

Nan ne son da muke wa dabba yake sa mu wuce gona da iri. Ƙa'idar da likitoci suke bayarwa ita ce duk wani abin lada kar ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da kare yake ci a rana. Kare mai kilo 10 yana buƙatar kalori wajen 500 zuwa 600 a rana, kenan ladansa 50 zuwa 60 ne kawai. Ɗanyen dankali giram 100 yana da kalori kusan 86, in ya bushe ruwan ne ya tafi kalorin yana nan, ɗan yankin da kake gani ya ƙanƙance a tafin hannunka bai rage komai ba. Kwaɓin sandar nan gaba ɗayansa ya haura kalori 1,000, man kwakwa cokali ɗayan nan kaɗai wajen 120 ne, in ka raba shi gida 24 kowace sanda tana wajen 50. To ɗaya a rana ga matsakaicin kare, ƙaramin kare a yi masa sirara gajeru, kuma ka ɗan rage daga abincin darensa. Kar ka ƙara man kwakwa don ka ji ana yabonsa, maiƙo da yawa yana tayar wa kare da ciwon fankiriyas, wato ɗan sashen nan na cikin ciki mai sarrafa suga da narkar da kitse, ciwo ne mai azaba. Kare mai ciwon suga ko mai ƙiba sosai ko mai ciwon ƙoda, a tambayi likitansa kafin a fara ba shi dankali.

Ranar farko rabi za ka ba shi ka ga yanda cikinsa zai karɓa, in kashinsa ya yi ruwa ka dakata kwana biyu ka rage. In ka ga yana susa ko kunnensa ya yi ja, wataƙila ƙwan ne ko garin, ka cire ɗaya ka gwada.

Kuma kar ka miƙa masa ka shige ɗaki. Ka zauna ka kalle shi, aƙalla makon farko, don karnuka kala biyu ne, akwai mai kwanciya ya tauna a natse akwai mai haɗama da in ya samu abu burinsa ya wuce da shi ciki kafin a ƙwace. Duna na biyun ne. Dabarar da ta yi min aiki ita ce in riƙe ƙarshen sandar da hannuna in miƙa masa ta gefen baki, ya ci ta dama na ɗan lokaci in juya masa ta hagu, da haka gefe biyun suna samu, don yawancinsu suna da gefen da suka fi so su bar ɗayan yana tara datti. In ya rage guntun da zai iya haɗiyewa a dunƙule sai in musanya masa da ɗan wani abu in ɗauke guntun, ban taɓa fizgewa ba, fizge yana koya musu haɗiye da sauri. In akwai karnuka biyu a raba su wuri, gasa tana sa mai natsuwa ma ya koma mai haɗama. Ruwan sha kuma ya kasance a kusa.

Tunda babu maganin hana lalacewa a ciki, ajiya sai an kula. Su huce sarai kafin a rufe, in ka zuba su da ɗumi gumi zai taru a murfi. A mazubi mai murfi cikin firij dankalin yana kai sati 2 zuwa 3, sandar mai ƙwai ni ba na wuce kwana 10 da ita, sauran in ƙulla kaɗan-kaɗan a leda in jefa firiza, a can suna wata 3 lafiya lau. Wanda ka ciro daga firiza ka bari ya saki tukun, daskararre ya faɗi gwajin farce. In ka ga ɗigon fari ko kore ko ka ji warin gumi a guda ɗaya, zubar da na mazubin duka, fumfuna tana da gubar da take sa kare karkarwa da farfaɗiya, kuma a zubar inda ba zai tono ba.

Wani zai ce to da na kanti fa, wanne ya fi? Akwai wata majalisar likitocin haƙoran dabbobi da ake kira VOHC da take sa tambarinta a kan kayan taunar da aka gwada aka ga suna rage datti ko tsatsa, wasunsu kuma ana sa musu sinadarin da yake kama kalsiyam ɗin yawu don kar ya sandare, namu na gida ba shi da wannan kuma babu wanda ya gwada shi a ɗakin bincike. Abin da na gida ya fi shi ne ka san duk abin da ke ciki, kana iya cire abin da jikin karenka ba ya so, kuma kai ne mai iko da girma da tauri. Ni duka biyun ban raina ba.

Amma babu ɗayansu da ya kai buroshi, wannan kam ba na ɓoyewa. Tauna ba ta taɓa fiƙoƙin gaba sosai don ba da su kare yake tauna ba, kuma ba ta shiga layin dasashi inda ciwon yake farawa. Buroshi mai laushi ko wanda ake sawa a yatsa, da makilin na karnuka, na mutane akwai fulorayid da abin kumfa kuma kare ba ya tofarwa haɗiyewa yake. Bayan haƙoran kawai za ka goge, ɓangaren kunci, ka ɗan karkata buroshin wajen dasashi, rabin minti kowane gefe ya isa, kullum in da hali, in babu ko sau 3 a sati. Ni da na haɗa su sai abin ya zo da sauƙi, in goge masa da daddare, yana gamawa in ba shi sandarsa, yanzu da ya ga buroshin da kansa yake zuwa ya zauna ya ɗaga kai.

Akwai kuma alamun da in ka gani ka ajiye maganar dankali ka nufi likita: jini a jikin abin tauna fiye da ɗan ɗigo, dasashi ja jawur ko ya janye gindin haƙori ya fito, haƙori mai girgiɗi, abinci yana faɗowa daga baki, yawan dalala, kare yana sa ƙafa yana sosa baki, ko kumburi a ƙasan ido, wannan sau da yawa ƙurji ne a saiwar babban haƙorin nan na sama. Warin baki mai kama da fitsari yana iya zama ƙoda, mai zaƙi-zaƙi kuma suga, waɗannan ba daga haƙori suke ba. Bakin da yake ciwo in ka ba shi abu mai danƙo azaba ka ƙara masa.

Ranar da za ka fara, ɗaga leɓensa ka ɗauki hoton gefe biyun da waya a wuri mai haske, bayan sati 4 ka sake ɗauka a wuri ɗaya ka jera su. Ido yana sabawa da abin da yake gani kullum, hoto ne zai nuna maka ko jan da ke bakin dasashi ya ragu, da kuma wane gefe ne yake bari ba ya tauna da shi, sai ka riƙa fara miƙa masa sandar ta wannan gefen.